Jikokin Tambari Manomi

Wasila ko sallama ba ta yi ba. Ta tsayar da motar yayanta a bakin wani shagon shinkafa da ke Ƙofar Taramniya, ta fito da kwano a hannu, ta dangwarar da shi a kan teburin da wani saurayi ke zaune.

"Dubi abin da kunka saida muna! Wagga shinkafa ce ko tsakuwar gini? Kakata ta kusa rasa ɗan haƙorin da yar rage mata."

Saurayin ya ɗago. Dogo ne, baƙi, rana ta gasa shi sosai. Ya ɗebi shinkafar ya baza a tafin hannu, ya duba a natse.

"Hajiya, wagga ba tamu ba ce. Mi anka rubuta ga buhun?"

Ta zaro waya ta nuna masa hoton, tana huci. Ya duba, sannan ya nuna mata buhunan da ke jere a bayansa. Kowanne an rubuta masa suna ɗaya da jan fenti: Tambari. Wanda ke wayarta kuwa wani suna ne daban.

Wasila ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta jawo mayafinta, ta miƙa hannu za ta ɗauki kwanon.

"Tsaya mana," ya ce yana danne dariya. Ya juye tata, ya cika kwanon da tasa. "Kai ma tsohuwa. In kinka samu tsakuwa ko ɗaya, ki dawo ki jehe ni da ita. Sunana Lawwali."

Bayan kwana uku ta dawo, babu tsakuwa. Ta ce kakarta ce ta ce a sayo buhu guda. Ya karɓi lambarta wai don a kai buhun gida, kuma da yammacin ranar saƙonsa na farko ya shigo.

"Hajiya Tsakuwa, an samu abin jifa ko har yanzu ana nema?"

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta mayar: "Ana nema. Ka ci gaba da zama cikin shiri."

Wasila malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata. Mahaifinta, Malam Jalaluddeen, ya yi ritaya yana babban sakatare, yanzu yana karantar da littattafai a zauren gidansu da ke kusa da Hubbare. Gida ne na malamai, masu iya jero kakanninsu goma sha biyu ba tare da sun numfasa ba. Shi kuwa Lawwali ya karanta aikin gona a jami'a, ya ƙi neman aikin ofis, ya koma fadamar gidansu a bakin kogin Rima. Shi ke nomawa, shi ke gyarawa da injinsa, shi ke sayarwa.

Cikin wata biyu ya zama duk Asabar bayan la'asar yana ƙofar gidansu. Ran nan ta tambaye shi, "Wai wa ne Tambarin nan da kake rubutawa ga buhu?"

Fuskarsa ta canza. Ya gyara zama.

"Kakan kakana ne. Shi kaɗai yaz zo daga arewa, da jaki guda da fartanya. Wurin da yaz zauna babu mai so nai, don dut damina ruwa ka cinye shi. Shekara ukku a jere yana shuka, kogi na kwashewa. Mutane sunka ce mahaukaci ne. Shi ko sai yaɗ ɗauki kwando yana jidar ƙasa a ka, har yat tada jinga tsakaninai da ruwa. Jingar tana nan har yau, a kanta nike bi in tahi gona."

"Shi kaɗai?"

"Da matatai, daga baya. Ɗiya goma sha ɗaya sunka haifa. Bara da munka taru bayan girbi, mun hi mutum ɗari shida. Akwai malaman makaranta, akwai 'yan kabu-kabu, akwai ungozoma, akwai masu gyaran waya. Garin ma sunanai ya ka amsawa, Gidan Tambari."

Wasila ta tsura masa ido. Ba ta taɓa jin wani ya yi maganar kakansa da irin wannan murya ba.

"Manomina," ta ce a hankali, "ka turo manya."

Manya suka zo ranar wata Lahadi: mahaifinsa Malam Auwalu da baffanninsa biyu, cikin fararen riguna masu ƙamshin adaka. Tun hantsi aka zaunar da su a zaure. Aka kawo ruwa, ba a kawo mai gida ba. Sai da aka kira azahar Malam Jalaluddeen ya fito, tare da ɗan ƙanwarsa Abdulshakur, wani ma'aikacin banki da ya shekara biyu yana bibiyar Wasila tana ba shi haƙuri.

Bayan gaisuwa Malam Jalaluddeen ya ce, "Kun ce ku zuri'ar Tambari ne. To shi Tambari ɗan wa ne?"

Malam Auwalu ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba mu sani ba. Bai hwaɗa ma kowa ba."

"Garinsu hwa?"

"Arewa dai."

Abdulshakur ya yi gyaran murya. "Kawu, ai na bincika. Abin da mutane ka hwaɗi shi ne bawa ne, gudowa yay yi daga wani rinjin bayi."

Malam Jalaluddeen bai tsawatar masa ba. Carbinsa kawai ya ci gaba da ja, ya ce gidansu ba ya haɗa jini da inda ba a san tushe ba, su yi haƙuri.

Malam Auwalu ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa.

"Malam, neman aure munka zo yi, ba mu kawo kanmu a auna ba. Shinkahwar da anka dahwa gidan nan yau, jikan mutumin nan yan noma ta. Ba ku tambaye ta asali ba kahin ku ci. Allah shi ba ɗiyarka miji nagari."

Wasila tana bayan ƙofar tsakar gida, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ɗaki ta shiga ta buɗe zauren WhatsApp na dangi, inda tuni aka fara yi mata barka da kuɓuta. Ta rubuta:

"Ɗan manomi ne. Jikan bawa ne. Bai da asali. Bai dace da gidanmu ba. Na ji duk abin da kuke faɗi. To ina tambaya, a cikin littattafan da suka cika ɗakin Baba, wanne ne ya ce a zaunar da dattawa tun hantsi har azahar sannan a zagi kakansu? Ko bawa ne, wa ya kamata ya ji kunya, shi ko wanda ya ɗaure shi? Ni Lawwali nake so, kuma yau kunyar gidanmu na ji."

Dangi suka yi caa. Gwaggonta ta ce boko ya ɓata ta. Wani kawu ya cire ta daga zauren gaba ɗaya.

Abdulshakur kuwa ya ɗauki hoton saƙon, ya yanke shi daidai kan "Bai dace da gidanmu ba," ya tura wa Lawwali da sunanta da hotonta a sama.

Washegari da safe tana shirin tafiya makaranta saƙon Lawwali ya shigo, haɗe da yankakken hoton da Abdulshakur ya tura masa.

"Wasila, na gani. Da kin faɗa mini da bakinki da ya fi. Abin da aka yi wa Baba na iya haɗiye shi saboda ke, wannan kuwa ba zan iya ba. Ban san ko Tambari bawa ne ba, amma na san bai taɓa cin gumin wani ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta kira, wayar a kashe. Ta sake kira a lokacin hutun tara na makaranta, a kashe. Kwana takwas haka. Ta rasa abin da ya fi ƙona mata rai, wanda ya yanke saƙon ko wanda ya yarda za ta iya rubuta shi.

A rana ta tara ta tafi Ƙofar Taramniya. Ƙanwarsa Lami ce a shagon, shi yana fadama ana girbi. Lami ta amsa sallamar da ƙyar, ta kau da kai. Wasila ta ajiye wayarta a kan tebur.

"Karanta har ƙarshe. In kin gama ki aika ma yayanki, ki ce nic ce ya iya tsince tsakuwa cikin shinkahwa amma bai iya tsince ƙarya cikin magana ba."

Lami ta karanta, ta rufe baki da hannu.

Kafin Wasila ta isa gida wayarta ta yi ƙara sau bakwai. Ta ƙi ɗagawa. Sai saƙo:

"Hasken idona, na yi kuskure babba. Na tsaya tsakiyar gona ina karanta saƙonki, sai da na zauna a ƙasa. Ki hukunta ni yadda kike so, amma ki ɗaga."

Ta bari ya kira na takwas, sannan ta ɗaga.

"Kwana takwas, Lawwali! An hidda ni daga zauren dangi sabili da kai, kai ko ka kashe waya."

"Na ci amanarki. Zuciyata tana tahwasa da abin da anka yi ma Baba, sai nig ga sunanki bisa maganar. Ki gahwarce ni."

"Ka sake yanke man hukunci ba ka tambaye ni ba, ka gani."

"Ba ni sakewa, wallahi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sai dai akwai wata. Baba ya ce ko an roƙe shi, ƙahwatai ba ta ƙara taka zaurenku."

Yanzu katangar ta zama biyu.

Da hantsin wata Asabar Wasila na zaune a ɗakin kakarta tana tsefe mata kai. Inna Hindu, mahaifiyar Malam Jalaluddeen, ta haura tamanin, kuma an saba ɓoye mata duk abin da zai tayar mata da hankali. Amma hannun da ke tsifar ya yi mata tsauri.

"Ke, kai na kike tsehewa ko hwaɗa kike da shi? Mi ya hwaru?"

Wasila ta kwashe komai ta faɗa mata, har da kalmar da Abdulshakur ya jefa a zaure. Tsohuwar ta jawo ɗankwalinta ta ɗaura a kan rabin tsifar.

"Kira man Jalalu. Da yaron nan Abdulshakur."

Suka zo suka durƙusa. Inna Hindu ta dubi ɗanta kamar yau ta fara ganinsa.

"Jalalu, kana iya jero kakanninka maza goma sha biyu. To mi ne sunan uwata?"

"Lailatu, Inna."

"Ɗiyar wa?"

"An ce muna mutanen gabas ne."

"An ce muku. Lailatu autar Tambari ce."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Shekarar da fara tac cinye amfanin gona, ubana yana karatu da almajirrai arba'in, babu abin ba su. Tambari ya aiko jakuna da shinkahwa har anka ga sabon hatsi, bai amshi komi ba. Nan ubana yag ga Lailatu yan nemi aurenta. Da tash shigo gidan malamai sai anka ce mata ta bar ambaton ƙauyensu, abin kunya ne. Ba ta sake zuwa ba. Ranar da anka aiko Tambari ya rasu, ina da shekara shida, na ga uwata ta ɗaure kaya ta kai ƙohwa, anka maishe ta. Bayan rumbu tay yi kukanta, tana toshe baki da zane."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Ni ma na yi shiru shekara saba'in da wani abu, tsoro nike ji a rena ɗiyana. Ranar da nig ga sunan nan ga buhu, kwana nay yi ina kallonai. Ashe shirun da niy yi shi zai sa ɗana shi wulaƙanta dangin uwata cikin zaurenai." Ta juya ga Abdulshakur. "Kai kuma mai bincike, in bawa ne, to jininai na jikinka. Tashi ka ba ni wuri."

Abdulshakur ya fita bai ko tsaya saka takalmi daidai ba.

Malam Jalaluddeen ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, "Inna, da na san 'yan'uwa ne..."

Wasila ba ta taɓa katse mahaifinta ba a rayuwarta. Ranar ta yi, tana durƙushe, hawaye na zuba.

"Baba, ka gahwarce ni. Da ba 'yan'uwa ba ne, daidai ne ke nan abin da anka yi musu?"

Ya dube ta. Ya tashi ya fita, kuma ranar babu wanda ya ɗauki karatu a zaure.

Kwana uku bai yi wa kowa maganar ba. A na huɗu da sassafe ya sa aka fito da mota, ya ce Inna ta shirya, Wasila ta rako ta.

Sun isa Gidan Tambari rana ta ɗaga. Aka ce Malam Auwalu yana masussuka. Malam Jalaluddeen bai bari a kira shi ba. Ya tattare babbar rigarsa, ya hau jingar ƙasa mai faɗi da ta raba gonaki da kogi, ya taka da ƙafa har inda ake bugun shinkafa, ƙaiƙayi na manne masa a hula. Masu aiki suka tsaya. Lawwali ya saki sandar hannunsa.

Malam Auwalu ya amsa sallama, bai miƙa hannu ba.

"Malam Auwalu, na zo ne in ba ka haƙuri. Na bar ku zaune, na bari anka zage ku gabana. Shekara da shekaru ina karantar da cewa Allah ba ya duba asalin mutum, ranar da anka jarraba ni sai nif faɗi. Akwai wata magana ta zumunta da uwata za ta hwaɗa muku, amma na so in riga ta, don kada ku ce sabili da ita niz zo. Ko babu ita, ni ne da laihi."

Malam Auwalu ya ce, "Na rantse ba ni ƙara taka zaurenka."

"Ni na tako naka. Na zo nema ma ɗiyata ɗanka, in kana ba ni."

Wani dattijo a cikin masu aiki ya yi dariya. Malam Auwalu ya goge hannunsa a jikin riga, ya miƙa.

A cikin gari, da Inna Hindu ta ambaci sunan mahaifiyarta, wata tsohuwa mai suna Zulaiha ta dafe ƙirji.

"Lailatu ta birni? Ubana har yam mutu yana cewa ko a ina ƙanwatai ta ƙare!"

Suka rungume juna suna kuka, mata suka cika gidan. Aka kai Inna Hindu inda aka ce nan ɗakin Lailatu yake a da, yanzu turken awaki ne. Ta tsaya a wurin ta yi addu'a mai tsawo.

Wasila na gefen rijiya Lawwali ya matso, duk jikinsa ƙura.

"Ashe ƙanwata ce ke. To daga yau sai a riƙa gaishe ni da ladabi."

"Ka hwara biyan kwana takwas ɗina tukuna," ta ce, tana ɓoye murmushi a mayafi.

Bayan an gama girbi aka sa rana. Malam Auwalu ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya shiga zauren, kuma wannan karon mai gida ne ya tarbe shi tun daga bakin titi. Abdulshakur ya aiko da saƙon ban haƙuri ta hannun mahaifiyarsa. Wasila ta ce ta yafe, amma ba ta mayar da lambarsa cikin wayarta ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure. Motoci da babura daga Gidan Tambari suka cika unguwar har masu zuwa ziyara Hubbare suna tambayar ɗan wane babban mutum ne ke aure. Malamai masu rawani da manoma masu kaushin hannu suka zauna a tabarma ɗaya. Da aka shafa fatiha wayar Wasila ta yi ƙara a ƙarƙashin lulluɓi.

"An ɗaura, matata. Alhamdu lillahi."

Ta mayar: "Alhamdu lillahi, mijina. Allah ya bar mu tare."

Da la'asar, kafin a kai amarya gidanta a unguwar Gidan Dare, aka shigo da su biyun ɗakin Inna Hindu. Suka durƙusa. Ta ɗora hannu ɗaya a kan Wasila, ɗaya a kafaɗar Lawwali.

"Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku haƙuri da juna, shi ba ku ɗiya masu jin ƙai. In sun zo, ku kai su birni, ku kai su fadama, ku hwaɗa musu sunan kowa, maza da mata. Kada ku ɓoye musu ko mutum guda."

"Amin, Inna," suka ce tare.

Daga bakin ƙofa Malam Jalaluddeen ya ce amin, ya fi kowa ɗaga murya. Mata suka rangaɗa guɗa, aka kama hannun amarya.